Wuƙar da Ba a Ɗiga wa Jan Fenti Ba

Remscheid, ranar Lahadi

Zuwa ga Baffa Nurettin,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce irin ta ɗa ga ƙanin ubansa, da fatan gwiwar nan ta bar ka kana sujada yadda kake so. Allah ya ƙara lafiya, ya sa zaman Bartın ya karɓe ka. Mu nan ƙalau muke. Tarin Inna ya tafi. Baba kuwa garau yake, don ranar Talata har maƙwabta sun shaida ƙarfin muryarsa, kuma a kaina ta sauka. Dalilin wasiƙar ke nan, tunda wayarka ta zama kayan ado, kira tara ba ka ɗauki ko ɗaya ba.

Baffa, raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Da bakinka ka koya mini dokar shagonmu: duk wuƙar injin da aka sake wasawa ta rage kauri, sai a ɗiga mata jan fenti a gindi, a sauke ta durowar ƙasa. Durowar sama ta sababbi ce zalla, ko ido rufe mutum ya ɗauka. To, an kawo mana sandunan ƙarfe arba'in, kowanne a fitar masa da tsagi mai faɗin milimita goma. Na zaɓi wuƙa yadda ya kamata, gajeriya mai haƙora uku ta baƙin ƙarfe, ba dogayen nan na alminiyam ba, daga durowar sama, cikin kwalinta mai rubutun goma. Tsagi ya fito sumul. Aka kai sandunan gidan gashin ƙarfe, suka yi taurin da wuƙa ba ta ƙara kama su. Ranar Talata mai aikin ya dawo da su duka a bayan mota, ya ce ko ɗaya abin da zai zauna cikin tsagin bai shiga ba. Aka auna wuƙar: tara da ɗigo bakwai.

Nawa laifin na sani, ban auna sandan farko ba, kuma Baba ya karanta mini shi da harsuna biyu. Abin da ya ƙona ni shi ne kowa ya ɗauka iya shegena ne. Tsoho Kottsieper, abokin aikinka, ya ce wanda ya taɓa manne masa kofi a tebur, ya ɗura masa giris a safar hannu, me zai hana shi musanya wuƙa don ya ga idon mutane ya fito? Na ce masa kofinsa daban, aikin mutane daban. Ya ce in yi wa tsintsiya bayani, ita ce abokiyar hirata yanzu. Haka kuwa aka yi. Baba ya sauke ni daga injin da na shekara huɗu a kansa, ya ce ƙarshen wata zai ba Ercüment, surukinmu, wanda har yau sai ya ƙirga haƙoran wuƙa da yatsa yana motsa baki.

Na duba bakin wuƙar da gilashin ƙara girma, Baffa. Wasawarka ce. Kaf garin nan kai kaɗai kake karya kusurwar haƙori haka, kuma na tuna satin tafiyarka kana tsaye gaban dutsen wasawa kana cewa ba za ka bar mana dakusassun kaya ba. Mun gode! Fentin fa? Gwangwanin yana nan kusa da gwiwar hannunka.

Ban gaya wa Baba ba. Ba zan tsaya gabansa in kira sunan ƙaninsa ba, ko na kira ma cewa zai yi sabuwar tsokana ce. Wuƙar ga ta nan na naɗe cikin tsumma tare da takardar nan. Ka auna ta da hannunka, sannan ka kira wanka, Baba, kafin talatin ga wata. Ko ka haɗa da zagina, na yafe. In ba ka kira ba, bakina zai ci gaba da zama a rufe, amma ɗaya ga wata zan nemi aiki a Solingen, kuma duk danginmu kai kaɗai za ka san dalili.

Ka gaishe mini da Goggo Gülizar, da Yaya Sevcan da yaranta. Inna tana gaishe ku, ba ta san abin da na rubuta ba.

Ɗanka da bai huce ba,
Tayfun