Me Teku Yake Yi Wa Jikata?

Malama Nagatomo, don Allah ki taimake ni. Ni kaina ban san ko shawara nake nema ba, ko kuwa wanda zai fassara mini abin da idona yake gani.

Shekarata saba'in da ɗaya, a garin Hyuga na bakin teku aka haife ni, a nan na tsufa. Jikata Suzuha, 'yar shekara goma sha biyar, tana hannuna tun da iyayenta suka rabu. Ubanta ɗana ne, yana aiki a Osaka. Bara 'yan matan ajinsu suka haɗa baki suka daina yi mata magana. Ba zagi, ba duka, kawai kamar ba ta wurin. Wata safiya ta ce cikinta na ciwo, daga ranar ba ta sake sa kayan makaranta ba. Wata goma sha ɗaya tana ɗaki, labule a sauke. In ajiye mata abinci a bakin ƙofa, in dawo in tarar ta ɗan taɓa shinkafar, kifin ko kallo bai samu ba. Likita mun je, lallashi na yi har bakina ya gaji.

Da sanyi ya wuce, wata malamarsu ta kawo mini takardar wata ƙungiya da ke kai irin waɗannan yara hawan igiyar ruwan teku a kan katako duk Asabar. Na yi dariya a raina. Marigayi mijina masunci ne, kuma masu hawa katakon nan 'yan zaman banza yake kiransu. Amma Suzuha ta ga takardar, ta ce, "Hira ake yi a can?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "In ba a hira, zan je."

Yau wata shida ke nan. Rana ta dafa ta, kafaɗunta sun buɗe, dunƙulen shinkafa uku take cinyewa a tsaye. Yashi ya cika mini banɗaki. Rannan na ce ta wanke rigar robar nan mai ƙarni da take shiga ruwa da ita, ta ce, "Tsohuwa, ke da kike jiƙa ganye a gishiri shekara guda, ke ce mai maganar wari?" Na shiga kicin na yi hawaye, don rabon da ta tsokane ni har na manta.

Bari in faɗa miki abin kunya. Sau huɗu ina bin ta a ɓoye, in laɓe a bayan bishiyoyin bakin gaɓa. Malama, ba ta ma iya ba! Ta miƙe, ta faɗi, ta miƙe, ta faɗi. Yarinyar da ke kuka in ta ci tamanin cikin ɗari a jarrabawa, ita ce take fitowa daga ruwa gashi a fuska tana ƙyalƙyala dariya. Yawancin lokaci ma a zaune suke kan katakonsu, su bakwai, kowa na kallon nesa, ba mai cewa uffan. Na tare malaminsu, Kurogi, na ce wai me kuke gaya musu? Ya ce, "Kaka, ni dai 'ga igiya nan, tashi!' kawai nake cewa." To shirun da ya kore ta daga aji, shi kuma take bi har teku? Abin nan ya ɗaure mini kai.

Ga inda matsalar take. Har yanzu ba ta koma makaranta ba, jarrabawar shiga babbar sakandare kuma saura wata huɗu. Ubanta ya bugo waya ya ce tunda tana iya fita teku, tana iya fita darasi. A soke Asabar, a sa ta ajin ƙarin karatu, in ba haka ba ya ɗauke ta zuwa Osaka. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Ni ma ina ji. Warkewa ce wannan, ko wani ɗakin ɓuya ta samu mai faɗi?

Kakar Mai Hawa Katako

*

Kaka, sannu da ƙoƙari. Tambayarki ta sa ni tunani.

Shiru iri-iri ne. Na aji an shirya mata shi ne don ta ji ba a son ta. Na teku kuwa na mutum bakwai ne da ke jiran abu ɗaya tare, kuma in ta daɗe a ƙarƙashin ruwa, idanun mutum shida za su neme ta. Sannan can ba mai ba da maki. Kowa faɗuwa yake yi a gaban kowa, ba wanda ya riƙe ta a rai. Ƙara da rana, da gajiyar jiki, da yunwar da ke biyo baya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yarinyar da ta kusa shekara a bayan labule.

Amma ɗanki ma yana da gaskiyarsa. Teku ba ya ba da takardar shaida, kuma bai maye gurbin likita ba, kada ku yanke zuwa wurin likitan. Inda ya kuskure shi ne lissafinsa cewa in an cire Asabar, ƙarfin zai koma kan littafi. A Asabar ɗin take samo ƙarfin. Ku bar ta yadda take, ku ɗora karatu kaɗan a gefenta, ko awa ɗaya ce sau biyu a mako. Ki tambayi malamarta game da makarantun da ake yin yawancin karatunsu daga gida. Hanya ba ɗaya ba ce, kuma jinkirin shekara bai kai komawa ɗaki muni ba.

Ki ce wa ubanta kafin ya yanke hukunci ya zo ya tsaya a bakin gaɓa safiya ɗaya. 'Yar da yake magana a kanta ta bara ce, bai ga ta bana ba.

Na lura da abu ɗaya a wasiƙarki. An tambayi likita, an tambayi Kurogi, yanzu ga shi an tambaye ni. Suzuha ce kaɗai ba a tambaya ba. Ki same ta bayan ta dawo ta ƙoshi, ki ce, "Me kike so mu gaya wa babanki?" Sannan ki yi haƙuri ki jira, ko amsar za ta kai mako ba ta zo ba.

Ina yi muku fatan alheri, ke da ita. Ki gaishe mini da ita.

Malama Nagatomo