Shinkafar Simbok a Cikin Gilashi

Sumberwaras, Lampung
26 ga Oktoba, 1994

Zuwa ga ƙanena Legimin, a Jakarta.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Dik Min, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Endang da 'ya'ya da jikoki. Allah ya sassauta maka ciwon ƙafar nan da ka zo da shi, ya kuma ba ka ikon barin naman akuya, tun da likita ya faɗa, Endang ta faɗa, ni ma na faɗa, duk ba ka ji ba. Mu nan sai godiya. Gwiwata tana nan yadda ka bar ta, ita ke sanar da ni hadari tun kafin rediyo. Ɗana Sukardi lafiya lau, ko da yake kwana biyun nan ba ya yarda mu haɗa ido, za ka ji dalili. Matarsa Marni ta warware, saniyarmu ta haifi mace, ruwa kuma ya sauka sau biyu, ƙasa ta fara laushi. Mbah Tarmo, wanda daga shi sai ni muka rage cikin waɗanda suka ƙetaro a jirginmu, yana nan da ransa, sai dai kunne ya tafi, baki ne bai tafi ba.

Wasiƙarka ta iso shekaranjiya tare da hoton da ka sako. Na sa tabarau na duba, na cire na goge, na sake dubawa. Ga ka nan tsaye cikin rigar batik, ka ɗora hannu a kan akwatin gilashi kamar wanda ya harbo damisa. A cikin akwatin ga damin shinkafa kwance bisa jan ƙyalle, ga ɗan allon tagulla an rubuta wai wannan ce shinkafar da mahaifiyarmu ta zo da ita daga Jawa a 1936. Ka ce baƙinka suna ta mamakin yadda shinkafa mai shekara hamsin da takwas take sheƙi har yau, har wani babban malami a cikinsu ya ce lalle mutanen da suna da asirin ajiya. To, ka gaishe mini da malamin, ka ce masa yayarka ta san asirin. Asirin shi ne, a watan Mayun bana na yanke ta da hannuna. Ƙullin da ke wuyan damin ma nawa ne, na bahaguwa, da shi na gane ta.

Ban tsaya neman takalmi ba na faɗa ɗakin tsakiya. Ga zanen da na naɗe damin iri a ciki rataye a jikin gora yadda na bar shi, da kumburinsa. Na taka turmi na kai hannu, sai na ji ciyawa. Busasshiyar ciyawa, Dik Min! Sati uku ke nan kullum in na share ɗakin ina yi wa abincin saniya sannu da hutawa. Da na titsiye Sukardi sai ya ce wai washegarin sadakar cika kwana dubu da rasuwar Simbok, mahaifiyarmu, muna maƙabarta da mata muna zuba furanni, ka ce ya kawo tsani ya sauko maka da damin, ya cusa ciyawa a gurbinsa. Wai kawunsa ne, babba ne, ya zo daga nesa da mota, to me zai ce in ba to ba? Na ce masa ashe da a ce kansa ka ce ya ciro maka, shi ma to zai ce, ya cusa mini ciyawa a wuyan riga. Ƙato mai shekara arba'in da uku ya tsaya yana sosa ƙeya yana cewa ai ya ɗauka akwai saura a rumbu.

Babu saura, kuma kai ka fi kowa sanin inda ta tafi. Ɗan fegi ɗaya nake shuka ta, ba ta wuce buhu biyu. Na ce ba za a yi wa Simbok sadakar ƙarshe da shinkafar kanti ba, sai da tata, na ware damin iri na rataye, sauran duka muka surfe muka dafa wa mutum ɗari da wani abu. Faranti uku ka ci, ina kallonka, kana lumshe ido kana cewa ƙanshin nan ya tuna maka da yarinta. Wato ka cinye ta bana a cikinka, ka ɗauke ta baɗi a bayan mota, ni kuwa ina tsaye ina cusa maka ayaba da soyayyen rogo ta taga, ina cewa Allah ya kiyaye hanya. Jiya Sukardi ya wuni a kan babur, ƙauye bakwai ya zaga yana neman irin. Kowa gajeruwar shinkafar gwamnati yake shukawa tun shekara ashirin da suka wuce. Da aka kwarma wa Mbah Tarmo labarin a kunne, dariya ya yi har da tari, ya ce an tura yaro makaranta ya je ya koyo yadda ake saka abinci a kurkuku. Doguwar shinkafar nan mai baƙin gashi, Dik Min, a duk faɗin ƙasar nan babu ita sai a falonka.

Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa, kuma laifin rashin saninka har da namu, don mun yi ta ɓoye maka abin da ya kamata ka ji. Kai a nan aka haife ka, ka buɗe ido ka ga gona. Ni ina da shekara tara muka baro Kutoarjo, na ga abin da ke nan kafin gona. Bapak, mahaifinmu, ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa a Jawa, shi ya sa da aka yi shelar Turawan Holanda na ba da daji a Sumatra ya rubuta sunansa, Ranudikromo, da dangwalen yatsa. Muka hau jirgin ƙasa, muka hau na ruwa, muka hau babbar mota, daga nan sai ƙafa. Bapak na ɗauke da gatari da tukunya, ni ina riƙe da hannun ƙanwarmu Sarmi. Simbok kuwa ta naɗe zangarniya goma sha biyu na shinkafar uwarta a cikin doguwar ɗamararta, ta ɗaure a ciki. A bakin jirgi wani ma'aikaci ya tambaye ta watan cikin nawa, ta ce masa wata shida, kuma in Allah ya yarda 'yan dubu za ta haifa.

Aka zuba mu gida ashirin a doguwar rumfa ɗaya. Itatuwan wurin nan, mutum biyar ba sa zagaye gindin ɗaya da hannu. Bapak yakan kafa dandamali ya hau, ya sari bishiya guda kwana huɗu, in ta faɗi har a haƙori kake jin ta. Masassara ta riƙa ɗaukar mutane kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, har aka daina buga gangar sanar da mutuwa don kada a karya zuciyar masu kwance. Duk da haka shekarar farko Simbok ta shuka irinta tsakanin kututturai, ta girbe da 'yar wuƙar nan da ake ɓoyewa a tafin hannu don kada shinkafa ta tsorata, ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika ta rataye. Wannan shi ne abin da ba ka gane ba. Wadda ta zo daga Jawa ta shiga ƙasa tun 1936. Abin da kake gani a rataye tun kana yaro, kowace shekara sabo ne. Iri ba ya son dogon barci, in ya wuce shekara ɗaya, ya tafi ke nan.

A shekara ta biyu aka haife ka, ran Jumma'ar Legi a lissafin ranakunmu na Jawa, ranar da ka ci sunanta. A shekarar ne kuma giwaye suka bi ta gonakin suka mai da su kamar masussuka, aladun daji suka ƙarasa abin da ya rage. Muka koma cin doyar daji, wadda sai an jiƙa ta kwana uku a rafi kafin dafinta ya fita. Nonon Simbok ya ƙafe. Kukanka ya koma kamar na ɗan kyanwa, Sarmi kuma, tana da shekara biyar, masassara ta kwantar da ita, cikinta ya ƙi doyar. Abin da ya rage mana na shinkafa a duniya shi ne damin iri a saman rumfa. Wata safiya Bapak ya sauko da shi ya nufi turmi. Simbok ta tare turmin da jikinta, ta ce in ya surfe duka to ya haƙa rami huɗu ya huta, don baɗi ba mai kai wa. Bapak ya ce ita uwa ce ko rumbu? Ta ce duka biyun, ai shi ya kawo ta inda dole ta zama duka biyun. Ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba sai ranar.

A ƙarshe kashi biyu aka raba damin. Rabi ya koma sama. Rabin aka riƙa surfa tafi guda kullum ana dama kunu, Simbok ta sha don nono ya dawo, a ɗiga maka ruwan a baki. Sarmi cokali biyu take samu. Tabarmarta tana daidai ƙarƙashin damin, takan kwanta tana kallonsa, ta tambaye ni wai yaushe za a sauko da waccan. Ni kuwa in ce mata gobe. Kwana goma sha tara ina ce mata gobe. Ita ce a kabarin da ke gindin bishiyar mangwaro a bakin tsohuwar gona, wanda aka ce maka masassara ce kawai. Simbok ta hana a faɗa maka, ta ce yaro bai roƙi kowa ya zaɓe shi ba, kada a ɗora masa kayan da ba shi ya ɗaure ba. Na riƙe mata wannan alkawari shekara hamsin da bakwai, yau kai ka sa na karya shi, kuma wannan ma yana cikin abin da nake fushi da kai a kansa.

Ka sha ganin Simbok ranar sabuwar shinkafa tana leƙa hanya, ta kira wata yarinya 'yar shekara biyar, ko ta waye, ta zaunar da ita ta cika mata kwano, ta hana kowa taɓa tukunya sai yarinyar ta ce ta ƙoshi. Har tsiya kake yi mata, kana cewa Simbok ta fi son 'ya'yan maƙwabta. Ba ka taɓa tambaya ba. Tun da ta rasu ni nake yi, kuma ban yi niyyar a ce a hannuna abin ya yanke ba, saboda ƙanena yana son abin nuna wa baƙi.

Na san ba da mugunta ka yi ba. Na ga yadda ka tsaya a bakin kabarinta ka kasa karatu, na san kana son wani abu nata a kusa da kai. Amma kana da bakin da za ka tambaye ni, Dik Min, kuma ni ba kurma ba ce kamar Mbah Tarmo. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa nake rubuto maka maimakon in yi shiru in bar ka da Allah. Saboda haka buɗe ƙunshin da ya zo da takardar nan. Ɗamarar Simbok ce, ita ce ta ƙetaro teku, dubi inda gashin shinkafa ya huda ta. Shekara uku tana ƙarƙashin matashina, kuma ban so rabuwa da ita ba. Ita ce ta 1936 ta gaskiya, ba ta tsiro, ba ta mutuwa, gilashi ba zai cuce ta ba. Ka saka ta a ciki, allon tagullarka ma gyara kaɗan yake so.

Damin kuwa ka fito da shi yau, ba gobe ba, na gaji da goben nan tun ina yarinya. Kada Endang ta fesa masa maganin ƙwari, kada a shafa masa man sheƙi, kada a bar shi kusa da fitilar nan da na gani a hoton. Ka naɗe shi a zane mai tsabta. Kada ka ba direba, kada ka sa a gidan waya, hannun da ya ɗauka shi zai mayar. Ran Jumma'ar Legi mai zuwa nake jiƙa iri kamar kowace shekara, saura kwana ashirin da uku, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na riga na gyara fegin a gefen kabarin Sarmi, na baje ƙasar, na tare ruwa. In ba ka zo ba haka zan bar shi fayau, duk wanda ya tambaya in ce masa shinkafar tana Jakarta tana karɓar baƙi.

Ka gaishe mini da Endang, ka ce mata ban sa ta a cikin wannan magana ba. Ka gaida Bambang da matarsa, da Retno da maigidanta. Sukardi da Marni suna gaishe ka, Sukardi ya ce tsanin yana nan, wannan karon kai za ka hau. Gaisuwa ta musamman ga jikarka Wulan, 'yar Retno. Na lissafa, kafin girbi za ta cika biyar. In iri ya tsiro, kwanon bana nata ne, kuma kai za ka zuba mata. Allah ya jiƙan Bapak da Simbok da Sarmi, ya kawo ka lafiya.

Yayarka da ta goya ka,
Ponirah