Zazzaɓin Baba Ladan

Litinin, 5 ga Agusta, 2024
An yi ruwa da safe, masarar bayan asibiti ta yi kyau. Mutum goma sha tara na duba kafin azahar, daga ni sai Japheth mai gwajin jini. Baba Ladan, mai sayar da zuma a kasuwar Kuyello, ya zo jiki zafi rau. Gwaji bai nuna maleriya ba. Duk da haka na ba shi maganinta, na rubuta "maleriya" a rajista. Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan, da ido ma ina gane ta.

Alhamis, 8 ga Agusta
Matarsa, Inna Muslimat, ta dawo da shi a kan babur. Zazzaɓi bai sauka ba. Ta ce, "Malama Rebecca, ran nan na so in gaya miki fitsarinsa ya koma kamar shayi, ba ki bari na ƙarasa ba." Gaskiyarta. Na buɗe idonsa, ya yi rawaya. Ranar Litinin ko dubawa ban yi ba.

Baba ya ce, "To mene ne, 'yata?" Na ce, "Baba, ban sani ba. Abin da na faɗa ran nan ma zato na yi." Na tura shi babban asibiti a Birnin Gwari. A takardar na rubuta abin da na gani kawai, da maganin da na ba shi bisa kuskure.

Juma'a, 9 ga Agusta
Na soke kalmar a rajista. Japheth ya ce, wa zai duba? Na ce ni.

Laraba, 14 ga Agusta
Ciwon hanta ne, in ji likita. An kai shi da wuri. Ya fara shan kunu. Na gode wa Allah.

Asabar, 24 ga Agusta
Baba ya dawo gida, ya rame, amma har da tsokanata. Inna Muslimat ta kawo mini ƙanwarta mai ciwon ciki. Ina jinta a baranda tana ce mata, "Ita wannan, in ba ta sani ba za ta gaya miki." Na daɗe ina gyara kwalabe kafin na fita.

Talata, 27 ga Agusta
Ƙanwar ta samu sauƙi. Japheth na mita wai layi ba ya tafiya kwanan nan, har la'asar muna ciki. Na ce masa mutane ne suka ƙara yawan magana. Ya kalle ni, ya yi dariya. Ni dai yau ban katse kowa ba.