Kwalbar da Ige Ta Ɓoye

Zuwa ga maiɗakina, Hajiya Hauwa'u Kulu,

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ki a makwancinki. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ke, ina sanar da ke cewa mu nan Gwadangaji ta Birnin Kebbi muna nan lafiya. Jikoki sun ƙaru. Ni kuma ina nan da halina, ina gardama da rediyo kowace safiya.

Kin san ba na son baza zancen gida. Na kuma san waɗansu za su leƙa takardar nan, na bar su su leƙa. Jiya na je dubiyar wani dattijo a unguwarmu, na tarar ana ta ce masa ya kusa miƙewa, shi kuwa yana kallon rufin ɗaki. Na gane wannan kallon. Na dawo gida na kasa cin tuwo.

Godiya na zo yi miki. Mutumin da ya yi boko lokacin da boko ke da daraja, ya koyar har muryarsa ta dishe, sannan ya ga daƙiƙan ajinsa suna wuce shi cikin motoci masu baƙin gilashi, ba ya saura da godiya mai yawa. Ɗan abin da ya rage naki ne.

Ranar da likita ya kira ni da ɗanmu Nasiru, da Turanci ya yi magana, kina zaune kan benci a bakin ƙofa. Ya ce ciwon dajin ya koma ƙashi, ya bazu, babu aikin da zai tsayar da shi. Ya rubuta wani maganin ruwa mai ƙarfi na kashe raɗaɗi, wai shi mofin, ya ce mu kai ki gida. A cikin keke napep, kina tsakaninmu, ni da Nasiru muka gama shawara, mu ma da Turanci: za a ce miki sanyin ƙashi ne. Haka ake yi a garin nan. Haka aka yi wa mahaifiyata, har ta cika tana jiran ranar komawa gonarta ta Zauro.

Sai ƙanwarki Ige ta zo daga Argungu don jinya. Da ta ga kwalbar ta tambayi sunanta, sai ta sauya fuska. Wai a unguwarsu an ba wani mutum irinsa, ya yi ta barci har ya rasu, ba wanda ya ji kalmar shahada a bakinsa. Ta ce mini, "Malam, ba za a rufe wa 'yar'uwata baki ranar da za ta fi bukatarsa ba." Ta cusa kwalbar cikin buhun shinkafa. Nasiru ya goyi bayanta. Ni ban musa ba, don na daɗe da daina yarda da duk abin da ya fito daga hannun hukuma.

Muka koma ga man shafawa da rubutu da ƙwayoyin ciwon kai. Masu dubiya su cika ɗaki su tambayi jiki, ki ce da sauƙi. Suna fita sai in ga gefen mayafinki ya jiƙe, inda kika ciza. Kina tayar da salla daga zaune, kafin ki kai ƙarshen Fatiha ciwon ya murɗe ki, ki rasa inda kike, ki sake farawa. Wata rana da la'asar kika sake farawa har na daina kallo. Tsoronmu shi ne magani ya raba ki da ambaton Allah, ga shi ciwo yana raba ki da shi a gabanmu, ba wanda ya ce uffan.

A cikin haka Sista Laraba ta yi sallama. Mutuniyar Zuru ce, Kirista, ma'aikaciyar jinya daga wani ɗan sashe na asibitin da ke bin masu ciwon da ba ya warkewa har gida. Ban taɓa jin akwai irin wannan aiki ba. A zaure na tare ta, na ce tunda asibiti ta sallame mu, mene ne na biyo mu? Ta ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, ban zo da waraka ba. Na zo in ga ko Mama tana samun barci."

Ta nemi ganin kwalbar a tsakar gida. Ige ta tsaya mata a gaba ta ce, "Ke da ba ki salla, mi kika sani kan cikawa da imani?" Na zaci za ta ɗauki jakarta ta tafi. Sai ta ce, "Gaskiyarki, Inna. Amma mai jikin tana salla. A tambaye ta mana." Nasiru ya rage murya ya ce ai ba ki san abin da ke damunki ba.

Daga cikin ɗaki muryarki ta fito. Kika ce mu shigo, mu duka.

Ba zan manta yadda kika dube ni ba, irin duban da kike mini in na dawo kasuwa da ruɓaɓɓen tumatir ina cewa na yi ciniki. Kika ce, "Malam, kun zaci Turancinku bango na? Tun asibiti na karanta fuskar Nasiru. Jikin ga nawa na, na san abin da ke cikinai. Na yi shiru don kada in tayar muku da hankali, ashe ku ma ni kuke lallaɓawa. To, mun gaji, a bari haka nan."

Laraba ta zauna a ƙasa kusa da ke, ta tambaye ki abin da babu ɗayanmu da ya tambaya: me kike so ki iya yi a kwanakin da suka rage? Kika ce kina son ki yi salla ki san raka'ar da kike. Kina son ki ga gulbin Argungu. Kuma a daina ce miki kin warke. Ita kuma ta faɗa miki gaskiya. Da kaɗan za a fara, kwanakin farko barci zai yi yawa, daga baya kai zai washe, in kin ji ya yi nauyi ki faɗa a rage. Ta ce yadda ranar ƙarshe za ta zo ba a hannunta yake ba, ba za ta yi alkawari a kansa ba.

Kika juya kika ce, "Ige, ɗauko min abina. Kin fi kowa sona, kin kuma fi kowa taurin kai." Ta dawo da kwalbar, dusar shinkafa duk a jikinta, tana share ido da haɓar zane.

Aka fara ba ki maganin, kika yi barci sosai. Ige ta zauna a kanki tana hararata kamar ni na dafa maganin. Sannan wata safiya kika farka kika nemi kunu, kika tambayi wanda ya share tsakar gida haka kamar da ƙafa. Ranar kika yi azahar tun daga kabbara har sallama. Na fita zaure na zauna ni kaɗai, don kada Ige ta ga fuskata.

Abin da ya biyo baya shi nake gode miki a kai. Kin yi magana da kowa. Kin ce Ige ce za ta yi miki wanka. Kin nemi gafarar waɗanda kike ganin kin ɓata wa, kin yafe wa waɗanda ba su ma nema ba. Da Nasiru ya zo da zancen wani asibiti mai nisa, don yana tsoron a ce ya gaji da uwarsa, kika riƙe hannunsa kika ce, "Ka yi iyakarka, ni ce shaida. Wanda ya yi magana ka turo min shi." Ni kuwa nawa rabon gajere ne: "Malam, ka rage faɗa da duniya, ba ta jin ka." Ina ƙoƙari, Kulu. Ban yi nisa ba.

Muka kai ki Argungu, gidan mahaifinki, ana tsakiyar cire albasa, warinta ya cika gari. Aka shimfiɗa miki tabarma a bakin gulbi, kina kallon masunta kan gorunansu, kina nuna wa jikoki inda kika taɓa nutsewa kina yarinya. Kika ce ba za ki koma Birnin Kebbi ba. Laraba ta ci gaba da kira tana tambayar barci da ci, har Ige ta fara karɓar wayar da kanta, tana ce mata ɗiyata.

Da hantsi ne. Numfashinki ya sauya, Ige ta sunkuya a kunnenki tana maimaita kalmar shahada da ƙarfi. Kika buɗe ido kika ce, "A hankali, Ige, ina ji." Sannan kika faɗe ta da bakinki, sannu-sannu, har ƙarshe. Na san ba kowa Allah ke ba wannan ba, ba kuma kwalba ce ta ba ki ba. Amma na san da mun ci gaba da yi miki shiru, da ihu za mu ji a ɗakin nan. Ige ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ka ji, Malam?" Na ce na ji.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Allah Ya saka wa Ige da Laraba da alheri. Ni kuma in tawa ta zo, Allah Ya ba 'ya'yanmu ƙarfin zuciyar faɗa mini da Hausa, Ya ba ni irin haƙurinki na saurare, Ya haɗa mu a inda babu ciwo.

Mijinki mai yawan ƙorafi,
Garba