Sumar Taniela Ba Ta Motsi

Mama,

Ina gaisuwa. Ya ƙafarki, ya yarana? Mu a nan Tasmaniya ta Ostareliya lafiya lau, sanyin gona ne kawai ke tsaga hannu, mun saba.

Sai dai mijina Taniela. Duk Asabar sai ya ce, "Losa, zan je kallon bakin teku." Mama, yaushe ɗan tsibirinmu na Tonga ya fara zuwa kallon teku? Ko kaguwa ɗaya bai taɓa kawowa ba. Iskar gaɓar nan ta tanƙwara bishiyoyi, amma shi yakan dawo sumarsa a taje, takalminsa ba yashi.

Ki sa yayarsa ta kira shi, ita ba ya iya mata ƙarya. Allah ya bar mana ke.

Asabar mai zuwa ni ma kallo nake sha'awa.

'Yarki,
Losaline