Jinina Ya Kai Ƙarar Zuciyata

Anti, ki taimaka min, don na rasa wanda zan gaskata, jinina ko littafina.

Shekarata arba'in da uku. Aikina rubuta lokacin shiga da fitar motoci a ƙofar wani kamfani, kuma tun ina sakandare nake rubuta duk abin da ya same ni. Matata ta ce ranar hisabi da nawa littafin zan je, in riƙa gyara wa mala'iku kwanan wata.

Shekara tara ke nan da Babanmu ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Har ya rasu bai ƙara kiran sunana daidai ba. Tun daga lokacin nake ƙirga bugun zuciyata safe da yamma: yatsu biyu a wuyan hannu, daƙiƙa goma sha biyar, in ninka sau huɗu, in rubuta. Na cika littafi goma sha ɗaya. Kullum tsakanin sittin da takwas ne da saba'in da shida.

Watan jiya kamfani ya tura mu duba lafiya, aka ɗebi jini. Likita ta ce akwai wani sinadari da zuciya ke saki cikin jini idan tana shan wuya, kuma nawa ya yi sama. Wai wani lokaci alama ce ta zuciya mai rikicewar bugu a ɓoye, ta rikice ta koma daidai kamar ba ita ba. Aka jona min wayoyi a ƙirji, takarda ta fito tas. Na miƙe zan tafi, ta ce in zauna, wai bugun minti ɗaya kawai wayoyin suka kalla. Ta ba ni wata 'yar na'ura in manna a ƙirji har mako biyu.

Na'urar na cikin durowar ofis, ƙarƙashin tsofaffin takardun izinin fita, yau kwana goma sha tara. Yayana ya ce jini ba shi da kunne, ta ina ya ji bugu? Wai shi ma in aka ɗebi nasa za a samu sinadarin haushin surukarsa. Matata kuwa ban faɗa mata ba. In ta yi dariya zan ji haushi, in ba ta yi ba zan tsorata.

Akwai wani abu, ban sani ba ko yana da amfani. Wasu ranaku in ina ƙirgawa sai in ji bugun ya ruga, ya yi tuntuɓe, ya tsaya, ya sake rugawa. Ni ban taɓa cin lissafi a makaranta ba, don haka na san ni ne na ɓata. Sai in jira, in sake, in sake, har ya fito daidai, sannan in rubuta mai kyaun, in ɗiga jan biro a gefe don in tuna na yi sakaci. Jiya na ƙirga ɗigon. Bara goma sha huɗu, bana sittin da ɗaya. Wataƙila hankalina ne ke raguwa.

Anti, ya za a yi ɗan jinin da bai cika cokali ba ya ƙaryata rubutun shekara tara? Gaskiya tsoro nake kada na'urar ta ce hanyar Baba na bi.

Naki,
Mai Jan Biro

Malam Mai Jan Biro,

Shekara tara zuciyarka na kawo maka ƙara, kai kuma kana korar ta ta je ta gyara magana ta dawo. Da ta gaji sai ta aiko jini. Wannan ɗigon da kake kira sakaci, shi ne abu mafi daraja a littattafanka, sauran duk lambobin da ka zaɓa ne don sun yi maka kyau.

Yayanka ya ɗan taɓa gaskiya, amma kada ka faɗa masa. Na tambayi wata likitar zuciya, ta ce gwajin jinin ba ya yanke hukunci. Sinadarin na iya hawa saboda wasu dalilai, har da ƙoda. Aikinsa ya nuna wanda ya kamata a sa wa ido da kyau, kuma na'urar ce idon. Mai yiwuwa ta gama mako biyunta ba ta kama komai ba.

In kuma ta kama, to ka yi sa'ar da Babanku bai yi ba. Rikicewar bugu na iya sa jini ya dunƙule ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa, amma in an gano da wuri akwai magani mai rage wannan haɗarin sosai. Ban san abin da ya kayar da shi ba, kai ma ba ka sani ba. Kai dai an yi maka gargaɗi kana tsaye da ƙafafunka.

Gobe ka ciro na'urar, ka koma wurin likitar da littattafan bara da bana, ka nuna mata jan biron, ka faɗi gaskiyar kwana goma sha taran. Ta ga masu taurin kan da suka fi ka. Daga yanzu in bugun ya rikice, rubuta shi a rikicensa, da lokacin. Kuma in ka ji baki ya karkace, hannu ya mutu ko magana ta sarƙe, a wuce da kai asibiti nan take, ban da tsayawa neman biro.

Matarka kuwa ka faɗa mata yau. Ita za ta fara ganin abin da kai ba za ka gani a fuskarka ba, kuma ba za ta iya ba in ba ta san me take dubawa ba. Allah ya ba ka lafiya, ya sa a samu abin da sauƙi.

Anti