Sara a Ƙofar Kanar

Yaya Keziah,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, ki kwantar da hankalinki.

Kanar Tarrant, mai shirin zama gwamnan sabuwar jiharmu, wanda nake wa aiki, ya sa mun sassari bishiyoyi da gatari don shata iyakar filinsa, har da gonakin ƙabilar Ceroki da ya kora. Tun daga nan kullum sai mu tarar da sabon saran da ba mu muka yi ba, yana matsowa gidansa. Ya ce, "Jabez, aikinka ne wannan?" Na rantse masa. Ya yi dariya, amma ya daina fita.

Yau saran yana jikin ƙofarsa, ta ciki.

Ki aiko mini da safar ulu. Kada mijinki ya taho tukuna. Allah ya sada mu.

Ƙaninki,
Jabez